Addinin Wicca da Dokokin Turawa: Tsokaci Kan Labarin da Kuka Buga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan ɗan gajeren labarin da kuka buga a shafin ƙasashen waje, wanda ya ce hukumomin Birtaniya da Amurka sun amince da addinin Wicca, har an ba mabiyansa damar yin ibadarsu a gidajen yari da barikokin soja. Labarin bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya tsaya tun kafin ya kai ga inda zancen yake, kuma tun fitowarsa ake ta maimaita shi a majalisu kowa na ƙara masa gishiri, har wasu sun kai ga cewa gwamnatocin Turawa sun ɗaure wa masu cin kurwar mutane gindi, tunda mabiya addinin suna kiran kansu mayu. Ni Musulmi ne, ban kuma rubuto don in wanke wannan aƙida ba, domin bautar wanin Allah shirka ce ko a Kano aka yi ta ko a Landan. Abin da nake son nunawa shi ne, amincewar da ake magana a kai ba shaida ba ce cewa addinin gaskiya ne, hukunci ne na kotu cewa gwamnati ba ta da hurumin tantance addinin gaskiya da na ƙarya, kuma wannan hukuncin shi ne dai wanda 'yan uwanmu Musulmi mazauna can suke fakewa a ƙarƙashinsa.

Wicca ba tsohon addini ba ne, ko da yake wanda ya fito da shi ya yi iƙirarin haka. Sunansa Gerald Gardner, Baturen Ingila da aka haifa a 1884, wanda ya yi shekaru da dama a gonakin shayi da na roba a Siri Lanka da Malesiya, daga baya ya zama jami'in kwastam na gwamnatin mulkin mallaka, ya yi ritaya a 1936 ya koma gida. Ya ce a 1939 wata ƙungiyar asiri a yankin New Forest da ke kudancin Ingila ta shigar da shi cikinta, kuma wai ita ce ragowar addinin da Turawa suke bi tun kafin zuwan Kiristanci. Bai fito fili da zancen ba sai da majalisar dokokin Birtaniya ta soke dokar maita ta 1735 a shekarar 1951, dokar da ko a 1944 an yi amfani da ita an ɗaure wata mata 'yar Sikotland mai iƙirarin magana da matattu wata tara a gidan yari. Shekara uku da soke dokar, wato a 1954, Gardner ya wallafa littafin da ya sanar da duniya addininsa, ya kuma riƙa karɓar 'yan jarida a gidan tarihin kayan tsafi da yake gudanarwa a tsibirin Man har zuwa rasuwarsa a 1964.

Tushen iƙirarinsa wani ra'ayi ne na wata masaniyar tarihin Masar mai suna Margaret Murray, wadda ta rubuta a 1921 cewa mutanen da aka riƙa ƙonawa da ratayewa a Turai bisa zargin maita mabiya wani ɓoyayyen addini ne. Masana tarihi sun bi takardun shari'o'in da ta dogara da su, suka tarar ta tsinci abin da ya dace da ra'ayinta ta zubar da saura, kuma zuwa shekarun 1970 ra'ayin ya faɗi warwas. Waɗanda aka kashe ɗin, waɗanda masana suka ƙiyasta tsakanin 40,000 da 60,000 a cikin kusan ƙarni uku, yawancinsu talakawan Kiristoci ne, galibi mata, da maƙwabta suka yi wa ƙazafi aka kuma azabtar da su har suka amsa laifin da ba su aikata ba. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, wanda ba maƙiyin mabiya Wicca ba ne, ya nuna a littafinsa na 1999 cewa addinin haɗe-haɗe ne na ƙarni na 20, an ɗebo wani sashe daga tsarin ƙungiyar asiri ta Freemason, wani daga rubuce-rubucen matsafin nan Aleister Crowley, wani kuma daga waƙoƙi da tatsuniyoyin ƙauyukan Ingila. Hasali ma mafi yawan addu'o'in da suke karantawa a yau wata mata ce mai suna Doreen Valiente, wadda ta shiga ƙungiyar a 1953, ta sake tsara su bayan ta gane inda maigidan nata ya kwafo su. Masu ilimi daga cikin mabiyan sun daɗe da karɓar wannan bincike, abin da ya kamata a yaba musu a kai, domin ba kowace jama'a ce ke haƙuri idan aka rushe mata tarihin asalinta ba.

Dangane da aƙida, mafi yawansu suna bauta wa ababen bauta biyu, mace da namiji. Macen suna danganta ta da wata da ƙasa da haihuwa, suna siffanta ta a matsayin budurwa da uwa da tsohuwa, daidai da tsayuwar wata da cikarsa da raguwarsa. Namijin kuwa suna zana shi da ƙahoni, suna danganta shi da daji da farauta da rana. Ƙahonin nan ne suka sa Kiristoci da yawa ke cewa Shaiɗan suke bauta wa, su kuma suna musantawa, suna cewa ba su ma yarda da samuwar Shaiɗan ba. Malami zai ce duk wanda ya bauta wa wanin Allah ya bi Shaiɗan ko ya sani ko bai sani ba, kuma wannan hukunci ne na aƙida da ba na jayayya da shi, amma ɗan jaridar da ke ba da labarin abin da mutane suke aikatawa wajibinsa ne ya faɗi abin da suke aikatawa ɗin.

Abin da suke yi kuwa ba ɓoyayye ba ne yanzu, tunda an wallafa shi a littattafai masu yawa. Suna taruwa idan wata ya cika, da kuma a bukukuwa takwas na shekara da suka bi sauyin yanayin ƙasashen sanyi, waɗanda manyansu su ne na daren 31 ga Oktoba da ake kira Samhain, lokacin tunawa da matattu, da na 1 ga Mayu da ake kira Beltane. Ba su da ɗakin ibada na dindindin, sai dai a shata da'ira a tsakar ɗaki ko a daji, a al'adar Gardner mai faɗin ƙafa tara, a yayyafa ruwa da gishiri, a kunna kyandir da turare, a fuskanci kusurwa huɗu ana kiran iska a gabas, wuta a kudu, ruwa a yamma, ƙasa a arewa. Akwai wuƙa mai baƙar ƙota da ake nuni da ita amma ba a yanka da ita, domin ba su zubar da jini a ibada, kuma ana rufe taro da cin gurasa da shan ruwan inabi. A tsohon tsari ƙungiya ba ta wuce mutum 13, mace ce ke jagoranci namiji na dafa mata, sabon shiga kuma yakan jira shekara ɗaya da kwana ɗaya kafin a ba shi matakin farko daga cikin matakai uku. Wasu ƙungiyoyin, musamman masu bin Gardner sau da ƙafa, tsirara suke ibadar, abin da jaridun Ingila suka fi ɗauka a shekarun 1950 da 1960 domin shi ke sayar da jarida. A yau dai da yawansu ba su cikin kowace ƙungiya, kowa na yin abinsa shi kaɗai a gida daga abin da ya karanta a littafi ko a intanet.

Suna yin sihiri, kuma ba su ɓoye sunansa ba, galibi don neman waraka ko aiki ko kariya. Ƙa'idar da suke taƙama da ita ita ce mutum ya yi abin da ya ga dama muddin bai cutar da kowa ba, da kuma imanin cewa duk abin da mutum ya aika wa wani, alheri ko sharri, zai dawo masa ninki uku. A ganina ƙa'idar ta fi daɗin ji fiye da ƙarfin riƙo, tunda ba su da littafi saukakke ko majalisar malamai, kowa shi ne alƙalin abin da ake kira cutarwa.

Yawansu bai kai yadda ake zuzutawa ba. A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2011 mutum 11,766 ne suka rubuta Wicca a matsayin addininsu, a ta 2021 kuma kusan 13,000, ban da wasu kimanin 74,000 da suka kira kansu mabiya addinan gargajiya na Turai ba tare da fayyacewa ba. A ƙidayar ta 2021 ɗin Musulmi sun kai miliyan 3.9. A Amurka, inda wani mabiyin Gardner mai suna Raymond Buckland ya kai addinin a farkon shekarun 1960, sun fi yawa, domin wani binciken addinai na 2008 ya ƙiyasta su 342,000.

To ta yaya 'yan tsiraru irin waɗannan suka samu gurbi a doka? Ta hanyar shari'a suka bi, kuma daga gidan yari aka faro. Wani fursuna a jihar Virginia mai suna Herbert Dettmer ya kai hukumar gidan yari ƙara saboda an hana shi kyandir da turare da gishiri da farar riga don ibadarsa. A 1986 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa Wicca addini ne a idon tsarin mulki, domin yana riƙe a rayuwar mabiyinsa irin matsayin da sauran addinai ke riƙewa a rayuwar nasu mabiyan, amma a hukuncin dai ta ce hukumar tana da ikon hana shi kayan saboda tsaro. Ya samu suna ke nan bai samu kaya ba. Alƙalan ba su tambayi ko abar bautarsa tana nan ko babu ba, domin ba aikinsu ba ne, kamar yadda ba su tambayar Musulmi ko Bayahude hujjar imaninsa.

A soja ma haka aka yi ta jan zare. A ƙarshen shekarun 1990 barikin Fort Hood da ke Texas ya ba sojoji mabiya Wicca wurin taruwa, da labarin ya fita a 1999 sai ɗan majalisar wakilai Bob Barr ya nemi a hana, George W. Bush kuma, wanda a lokacin shi ne gwamnan Texas, ya ce shi bai ɗauki abin a matsayin addini ba. Rundunar soja ba ta janye ba. Sai dai ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta shafe kusan shekara goma tana jan ƙafa kan buƙatar a saka alamarsu, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, a kan kaburburan sojojinsu, alhali jerin alamomi 38 da ta amince da su ya haɗa da gicciye iri-iri da jinjirin wata da tauraro na Musulmi, har da alamar waɗanda ba su yarda da Allah ba. Abin ya zo wuya ne da aka harbo jirgi mai saukar ungulu a Afganistan a watan Satumban 2005, Saje Patrick Stewart na jihar Nevada ya rasu a ciki, aka bar gurbin sunansa a maƙabartar sojoji fayau saboda matarsa ta ƙi yarda a sa allo ba tare da alamar addininsa ba. Ita da wasu suka shigar da ƙara, kuma a watan Afrilun 2007, a zamanin shugabancin Bush ɗin, gwamnati ta sasanta, ta amince da alamar, ta biya dala 225,000 na kuɗin lauyoyi.

Nan ne nake so masu karatu su tsaya su duba da kyau. A shekarar 2000 Amurka ta kafa wata doka da ta hana gidajen yari takura wa ibadar fursuna sai da dalili mai ƙarfin gaske, kuma ta hanya mafi sauƙi. Jihar Ohio ta ƙalubalanci dokar da wasu fursunoni mabiya ƙananan addinai, cikinsu har da mabiyin Wicca, suka kafa hujja da ita, amma a 2005 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, alƙalai tara ba wanda ya saɓa. Bayan wasu shekaru wani fursuna Musulmi a jihar Arkansas, Gregory Holt, wanda ake kira Abdul Maalik Muhammad, ya rubuta ƙorafi da hannunsa zuwa wannan kotu saboda an hana shi barin gemu mai tsawon rabin inci, kuma a watan Janairun 2015 kotun ta ba shi gaskiya, nan ma baki ɗaya, da wannan dokar da shari'ar Ohio ta tsayar da ƙafafunta. Da jihar Ohio ta yi nasara a 2005, da gemun bawan Allahn nan bai samu madogara ba. Saboda haka Musulmin da ke zaune a ƙasar da yake cikin 'yan tsiraru, idan ya ji an ba mabiyin Wicca haƙƙinsa, yana iya ƙin aƙidar a zuciyarsa, kuma ya kamata ya ƙi, amma idan ya yi fatan a rufe wannan ƙofa to ya sani ta nan shi ma yake shiga.

A Birtaniya ma akwai wurin da matsalarsu da tamu suka haɗu, wato ɗaurin aure. A Sikotland, tun 2004 hukuma ta ba wasu jagororin mabiya addinan gargajiya izinin ɗaura aure da doka ta sani, domin dokar can mai ɗaurawa take dubawa. A Ingila da Wales kuwa dokar aure ta 1949 ta fi duba ginin da aka ɗaura a ciki, don haka auren da mabiya Wicca suka ɗaura a daji, inda ake naɗe hannun ango da na amarya da igiya, ba aure ba ne a idon hukuma sai sun je ofishin rajista. Wannan ramin shi ne dai wanda mata Musulmi da yawa suka faɗa, domin a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa auren Musulunci da aka ɗaura a wani gidan cin abinci a Landan ba tare da rajista ba bai cika sharuɗɗan doka ba, wanda ke nufin matar ba ta da hurumin neman rabon dukiya irin na matar aure idan an rabu. Iyayen da ke aurar da 'ya'yansu ga mazauna Ingila sun fi buƙatar sanin wannan fiye da labarin masu rawa a daji.

Kada kuma a ɗauka cewa nasara a kotu ta zama karɓuwa a cikin jama'a. A gundumar Chesterfield ta jihar Virginia wata mabiyar Wicca ta nemi a sa ta cikin jerin masu buɗe zaman majalisar gunduma da addu'a, aka ƙi, kuma a 2005 kotun nan da ta yi hukuncin 1986 ta goyi bayan gundumar, wadda jerinta ya ƙunshi fastoci da malaman Yahudawa da limaman Musulmi. A jihar Indiana wani alƙali, cikin hukuncin raba aure, ya haramta wa uwa da uba, dukansu mabiya Wicca, koya wa ɗansu addinin, sai da kotun gaba ta soke sharaɗin a 2005. Mafi muni shi ne abin da ya faru a garin West Memphis na jihar Arkansas, inda aka kashe yara uku a 1993, aka kama wasu samari uku, masu gabatar da ƙara suka riƙa nuna baƙaƙen tufafin babbansu da sha'awarsa ga Wicca a matsayin alamar kisan tsafi ne. An yanke masa hukuncin kisa a 1994, kuma sai a 2011 aka sake su ukun, bayan gwajin ƙwayoyin halitta bai danganta su da wurin kisan ba. Shi ya sa har yau da yawa daga cikinsu suke ɓoye addininsu a wurin aiki, suna cusa sarƙar tauraron cikin riga.

Abu na ƙarshe, ranka ya daɗe, shi ne wanda ya fi damuna game da yadda labarin ke yawo a nan gida. Mabiya Wicca suna kiran kansu mayu da bakinsu, suna alfahari da sunan, amma ba su iƙirarin kama kurwa ko cin naman mutum, kuma wanda ake kira maye a garuruwanmu bai zaɓi sunan ba, liƙa masa ake yi. An ga yadda ma'anonin nan biyu suka ci karo a Afirka ta Kudu, inda dokar hana maita ta 1957 ta haramta iƙirarin maita ta kuma haramta zargin wani da ita. A 2007 wata ƙungiyar mabiya addinan gargajiya na Turai a ƙasar ta nemi hukumar gyaran dokoki ta sake duba dokar saboda ta mai da addininsu laifi, alhali a ƙauyukan Limpopo da Mpumalanga kalmar da suke neman 'yancin amsawa ita ce ke sa a ƙona wa tsohuwa ɗaki. A watan Yulin 2020, a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga a ƙasar Gana, garin da Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro, an lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a gaban jama'a bayan wata bokanya ta nuna ta. Majalisar dokokin Gana ta zartar da ƙudurin haramta irin wannan zargi a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Duk lokacin da aka yaɗa cewa ga Turawa ma sun tabbatar da mayu har sun ba su lasisi, mai neman hujjar jifan maƙwabciyarsa ya samu ƙarin hujja.

Don haka ina roƙon idan za ku sake ɗauko labarin Wicca ku bayyana wa masu karatu cewa addini ne da aka ƙirƙira a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20, wanda ba shi da alaƙa da maitar da ake zargin mutane da ita a nan. Ina kuma roƙon ku sa wakilinku na kotu ya tambayi lauyoyi game da sashe na 216 na kundin hukunta laifuka na Arewa da aka fara aiki da shi a 1960, wanda aka fi sani da Penal Code, domin sashen ya mai da zargin wani da maita laifi, ya kuma binciko mana ko ana gurfanar da masu yin zargin a jihohinmu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna